Dan Allah ina kuke samo dabarar gyaran falo? Hotunan waya sun rikita ni

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Mun kama haya a Hanwa, ɗaki biyu da falo, ƙarshen wata za mu tare in sha Allah, kuma Abban Ilham ya ce maganar falo ya bar min wuƙa da nama amma fa kar in wuce kuɗin da ya ba ni. Toh ni yau wata biyu kenan ba ni da aiki sai kallon Pinterest da Instagram har da wasu tsofaffin mujallu da ƙawata ta ara min, Architectural Digest da Elle Decor, hotunan da na ajiye sun fi 200 har waya ta fara kukan ba wuri, kuma wlh maimakon in samu mafita sai ƙara rikicewa nake, yau in ga falo fari tas in ce shi nake so gobe in ga wani mai kore da katako in ce a'a wannan ne. Falon ƙafa 12 ne da 14, taga biyu, tayil ruwan madara, kuma mai gidan hayar ya ja kunne ba a fasa mai bango. Ku da kuka gyara naku daga ina kuka samo dabarar? Ko dole sai an ɗauko masu dekoreshon?

Anti Gyallesu:
Wa'alaikumus salam Maman Ilham, Allah ya sa alheri ya sa a shiga a sa'a. Ƙanwata ki ji tsoron Allah ki bar maganar farin falon nan, ni nan da kike gani na sha wannan ruwan. Shekara uku da suka wuce na ga wani hoto, kushin fari, kafet fari mai gashi kamar tunkiya, labule shara-shara, na nace sai shi. A watan Oktoba aka kawo min, kafin Janairu ya fita kujerun sun koma kalar kunun gyaɗa, ga ƙurar hunturu da ke shigowa ko kin rufe taga, ga yara da hannun manja, ga baƙi ranar suna da ba ki isa ki ce musu kar su zauna ba. Kafet ɗin kuwa in kin buga shi sai kin yi tari. Masu waɗancan hotunan suna da injin zuƙe ƙura da wutar da ba ta ɗaukewa, tagoginsu ko iska ba ta ratsawa, kuma kar ki manta kafin mai hoto ya ɗauka sai da aka kwashe duk tarkacen gidan, ba silifas ba butar alwala ba wayar caji.
Yanzu abin da nake yi, in hoto ya burge ni sai in tambayi kaina wai mene ne takamaimai ya burge ni a ciki, sau da yawa sai in ga ashe labulen ne kawai da aka rataya daga can kusa da silin har ƙasa shi ya sa ɗakin ya yi tsayi. Shi kaɗai na ɗauka, na sa aka ɗaga ƙarfen labule na sama, yadin kuma na sayi ninki biyu na faɗin tagar don ya yi tattara. A Kantin Kwari na saya lokacin da na je Kano amma nan Sabon Gari ma akwai. Kushin ki nemi ruwan toka ko ruwan ƙasa, kuma wanda ake cire rigarsa a wanke.

Sadiq_Samaru:
Hajiya barka da ƙoƙari. Ni zanen gine-gine na karanta a ABU, bari in ɗan sa baki. Kafin ki sake buɗe Pinterest ki nemi tef na awo. Ƙafa 12 da 14 ba babban falo ba ne, in kika zuba cikakken set na kujeru mai 3-2-1-1 da teburin tsakiya da shokes sai dai a rinƙa wucewa a karkace. Ki ɗauki alli ko tef mai manne ki zana girman kowace kujera a kan tayil ɗin, ki zagaya ki gani, ki buɗe ƙofa ki ga ko za ta bugi wani abu.
Hotuna 200 ɗin nan ki zauna ki goge har su koma 10, za ki ga akwai abin da yake ta maimaituwa a cikinsu, wannan shi ne ainihin abin da ranki ke so. Kala kuma akwai ƙa'idar da masu wannan sana'a ke yawan bi, 60-30-10, wato kala ɗaya ta cinye kashi 60 (bango da ƙasa), ta biyu 30 (kujeru, labule), ta ukun 10 kawai a filo da ƙananan kaya. Tayil ɗinki ruwan madara ya riga ya zaɓa miki ta farko. Sai ƙwan fitila, mutanenmu na sayen fari ƙal mai 6500K (lambar da ke nuna kalar hasken ke nan) falo ya koma kamar ɗakin allura, alhali hotunan mujallar nan da ke ba ki sha'awa yawanci haske mai ɗan ruwan ɗorawa ne, ki duba jikin kwalin ki nemi 3000K ko 2700K.
Abin da ke ɗan ci min rai shi ne muna Zariya muna leƙen falon Amurka. Ki shiga Birni wata rana ki kalli zanen da ke fuskar fadar Sarkin Zazzau da kalolinsa, da tsofaffin zaurukan da ke da zankwaye da dagi. Tsohon ginin Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi tun wajen shekarun 1830, ɗaurin gugansa har yau ɗalibai daga ƙasashen waje na karanta shi a littafi. Demas Nwoko ma da aka ba lambar Zakin Zinare a Benis ta Italiya a 2023 saboda aikin gine-ginensa, a nan garin ya yi karatu, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Ba na ce ki shafe falo da makuba ba, amma faifai masu kala guda biyar ko bakwai a jere a bango, tumtum na fata guda biyu, sun fi hoton hasumiyar Faris da ake sayarwa a firem. Faifan ba nauyi, ƙugiya mai manne ma ta riƙe su, mai gida ba zai ce komai ba.

Ummi Deko:
Malam Sadiq faifai a bango kuma? Hhhh surukarta na shigowa za ta ce a sauko mata da ɗaya ta rufe kwano. Wasa nake, yana kyau in an iya jera shi. Amma ni da nake wannan sana'ar bari in kare mu, ba dole sai kin ba mu aikin gaba ɗaya ba Maman Ilham, akwai kuɗin shawara kawai, a zo a ga falon a auna a rubuta miki kala da abin da za ki saya ki je ki sayo da kanki. Sai dai duk wadda za ki kira ki ce ta nuna miki bidiyon aikin da ta yi da hannunta, don da yawa hotunan da ke shafukansu na Turkiyya ne da Dubai suka kwaso. Kuma tunda haya ne kar ki yarda a sa ki yin POP ko manna fuskar bango mai tsada, ranar tashi ba ki tafiya da shi. Ki sa kuɗin a abin da mota za ta ɗauka.

Malam Ado Kafinta:
Salam Hajiya. Ni kafinta ne a Sabon Gari, shekara na 20 a aikin. Kullum sai an kawo min hoto a waya an ce irin wannan, in duba in ga kujeran nan ƙafan ƙarfe ne da injin ya lanƙwasa, yadin ma ba shi a kasuwan mu, in na faɗa a ce ban iya ba. Wani kuma ba zai faɗa miki ba, zai karɓi kuɗi ya yi miki mai kama da shi daga nesa. Ki zaɓi mai sauƙin fasali, miƙaƙƙe, shi ne ke fitowa daidai. Ki tambaya wane katako za a sa a ciki kuma ya bushe ko ɗanye ne, don ɗanye in iskan hunturu ya buge shi sai ya tsage ya fara ƙara. Ki je ki ga firem ɗin da idonki kafin a rufe da soso, ki tabbata an shafa maganin gara. Teburin talabijin in na MDF ne, wato allon da aka yi da garin katako da gam, a sa masa ƙafa, in ruwan mofin ya taɓa gindinsa kumbura yake kamar burodi.

Maman Ilham:
Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri. Anti kin kashe min farin falo amma na yafe hhh. Jiya da daddare na zauna na goge hotunan sun koma 14, kuma Malam Sadiq ka yi gaskiya, 11 a cikinsu duk akwai kore mai duhu da katako, ashe farin ma ba shi nake so ba. Yau da safe mun je da alli ni da ƙanena, mai zaman uku da mai zaman biyu ne kawai suka shiga, in aka ƙara ɗaya ƙofar kicin ba ta buɗuwa. Yanzu matsalar ita ce shokes ɗin da Mama ta yi min na jere da kwanukan tangaran ɗinta a ciki, ba shi da wuri a falon kuma ban san da bakin da zan faɗa mata ba.

Anti Gyallesu:
Kar ki soma faɗa mata komai. Ki kai shi ɗaki na biyu ki jera kayan tsaf ki goge gilashin, ranar da ta zo ganin gida ki fara kai ta can kafin falo, ki ce nan ne yara ba sa shiga. Koren kuma ki turo min hoton yadin kafin ki biya, wani in ya sha rana wata shida yake komawa kalar miyar kuka.