Illusion, delusion da hallucination: ina bambancinsu yake?

'Yar Mabera ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ni ɗalibar aikin jinya ce a nan Sakkwato, wata mai kamawa za a tura mu asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Kware don sanin makamar aiki. Kalmomin Turanci uku sun hana ni sakat: illusion, delusion da hallucination. Ƙamus ɗin da ke wayata duk "ruɗi" yake ba ni. Malamarmu kuma ta ce duk wadda ta rubuta wata a gurbin wata a fayil ta cuci majinyaci, domin likita da abin da ta rubuta zai yi aiki. Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Bara zazzaɓin cizon sauro ya kama ƙanena, jikinsa ya yi zafi rau, ya riƙa nuna bango yana cewa ga mutane nan suna shigowa. Wacce ce wannan a ciki? Akwai kuma wani dattijo a unguwarmu da ya dage 'ya'yansa na zuba masa guba a fura, har ya daina cin abincin gidan. Shi fa? Sannan ina misconception ta shigo? Don Allah a yi mini bayani da Hausa.

Tsohon Nas ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Malamarku ta yi gaskiya. Na daɗe a ɗakin masu wannan lalura kafin in ajiye aiki, kuma tambaya ɗaya nake fara yi wa kaina: matsalar a gani da ji take, ko a abin da mutum ya gaskata? Illusion da hallucination na ɓangaren gani da ji ne. Delusion kuwa a zuciya take zaune.

Illusion ita ce abin da muke cewa ido ya yi wa mutum gizo. Akwai abu na gaske a wurin, fassararsa ce ta karkace. Kin fito bayan magariba, kin ga igiyar guga a tsakar gida kin ɗauka maciji ne. Da an haska fitila magana ta ƙare. Wannan yana samun kowa, mai lafiya da marar lafiya. Idan kuka kama hanyar Illela za ku Kware a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ki dubi kwalta can gaba, za ki ga kamar ruwa kwance. Kawalwalniya ke nan, Bature ya ce mirage. Iskar da ke dab da kwalta ta fi ta sama zafi, sai ta lanƙwasa haske, hoton sararin sama ya bayyana a ƙasa. Duk 'yan motar za su gan ta tare, har waya tana ɗaukar hotonta. Ita ce aka ambata a Suratun Nur aya ta 39, wadda mai ƙishirwa ke zaton ruwa ce.

Hallucination kuwa babu komai a wurin, amma mutum ya gani ko ya ji ras. Mu a bakin aiki gane-gane da jiye-jiye muke cewa. Ba ido da kunne kaɗai ba, wani wari yake ji wanda babu mai jin sa sai shi, wani ya ce ƙwari na yawo a fatarsa. Wani likitan Faransa mai suna Esquirol ne ya raba ta da illusion a ƙarni na 19, kuma har yau a kan wannan rabon ake tafiya. Hallucination ce ta sami ƙanenki, idan bangon fili ne. Idan kuwa akwai riguna rataye ya ɗauke su mutane, to illusion ce, shi ya sa ake tambayar wanda ya yi jinya abin da ke ɗakin. Ki riƙe wannan da kyau: gane-gane ba shi ne hauka ba. Zazzaɓi mai tsanani na kawo shi, haka shaye-shaye, haka rashin barci na kwanaki. Matar da mijinta ya rasu takan ji kamar sallamarsa a zaure, kuma lafiyarta lau. Akwai ma tsofaffin da ganinsu ya raunana saboda yanar ido, su riƙa ganin mutane ko zane-zane alhali hankalinsu garau. Charles Bonnet, mutumin Suwizalan, ya bayyana haka game da kakansa a 1760, shi ya sa lalurar ke ɗauke da sunansa. Yana yi mini ciwo in ga an ɗaure irin wannan tsoho da sunan taɓuwa, alhali likitan ido yake bukata.

Dattijon unguwarku shi ne mai alamar delusion. Wato mutum ya ƙudurce abin da ba haka yake ba, kuma hujja ba ta motsa shi. Ɗansa zai sha furar a gabansa, ya ce ai ya riga ya sha makari. Karl Jaspers, likitan Jamus, ya fayyace siffofinta a 1913: tabbaci marar shakka, ƙin gyaruwa, da kasancewar abin ba gaskiya ba. Kada 'ya'yan su tsaya musu da shi. Su kai shi asibiti, domin a tsoho irin wannan zargi yakan zo tare da ruɗewar tsufa, kuma ƙin cin abincin shi kansa haɗari ne.

Malamin Turanci, Arkilla, ya amsa:

Baba ya gama magana ta fuskar asibiti, Allah ya saka. Ƙanwata, bari in ƙara ta fuskar aji. Misconception gurguwar fahimta ce, mutum mai cikakken hankali ya ɗauki bayani a karkace. Misali masu cewa shan mangwaro ne ke kawo zazzaɓi. Lokacin mangwaro ne ke zuwa dab da damina, sauro ya yawaita, sai aka ɗora wa mangwaro laifi, alhali tun 1897 wani likitan Birtaniya, Ronald Ross, ya gano ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro a cikin sauro. Mai misconception idan kika zaunar da shi kika yi masa bayani yakan ce "ashe haka ne". Mai delusion ba zai ce ba. Fallacy kuma kuskure ne a yadda aka ƙulla hujja, kamar a ce tunda wannan ya biyo bayan wancan, to wancan ne ya haddasa shi.

Ki kuma lura Turawa a hirar yau da kullum ba sa tsananta wannan rabo. Sukan yi amfani da illusion ga mai kyakkyawan zato marar tushe, kamar wanda ya ɗauka da ya karɓi takardar digiri aiki na jiransa. Delusion ta fi nauyi, a gaban mutum zagi ce. Ɗalibaina masu jarrabawar WAEC kuma sukan haɗa illusion da allusion, wadda ke nufin yin ishara da wani abu cikin zance, ba ruwanta da wannan babi.

Ɗan Gwadabawa ya amsa:

Baba, ina da ja a nan. In munka bi wagga fassara, wanda yac ce aljani ya shafe shi hwa? Ko wanda yac ce an yi mai sammu? Ke nan rabin garinmu delusion gare su? Ina tsoron yaranmu su tahi makaranta su dawo suna kallon iyayensu a matsayin marasa lafiya.

Tsohon Nas ya sake amsawa:

Tsoronka yana kan hanya ɗan'uwa, kuma littattafan likitancin da kansu sun yi wa abin iyaka. Abin da mutum ya gaskata tare da al'ummarsa ko addininsa ba a kiransa delusion. Aljanu suna cikin Alƙur'ani, babu nas mai hankali da zai rubuta imani da su a matsayin alamar cuta. Camfi kuma, irin a ce yaro in yana cin ƙwai zai yi sata, shi ne superstition. Gado ne na jama'a, da wa'azi da ilimi ake gyara shi, ba da allura ba.

Yadda muke yi a aiki shi ne mu tambayi dangi. Idan mutum ya ce an yi masa sammu, sai in dubi yayansa ko matarsa in ce, ku ma haka kuke gani? Idan su da suka yarda akwai sammu suka ce a'a, wannan nasa ya wuce wuri, ya daina barci, ya daina zuwa kasuwa, yana cewa gidan rediyo da shi yake magana, to a nan za mu buɗe ido.

'Yata, idan kin je Kware kika rasa wacce kalma za ki sa, rubuta abin da majinyaci ya faɗa da bakinsa yadda ya faɗe shi, da lokacin, da zafin jikinsa, da abin da ke ɗakin, ki bar wa likita sanya suna. Batun ƙanenki kuma, ki gaya wa mutanen gida duk ranar da zazzaɓi ya kai yaro ga sambatu ko gane-gane, alamar cutar ta yi tsanani ce, a wuce da shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.