Wace na'urar auna zafi da danshin ɗaki ce ta dace da yanayin Kaduna?

Malamin kimiyya, Unguwar Rimi:

Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a nan Kaduna, kuma ina da niyyar kafa 'yar ƙaramar tashar lura da yanayi a gidana, wadda za ta riƙa rubuta zafi da danshin iska na ɗakuna uku tsawon shekara guda, tun daga hunturu zuwa bazara har damina ta fita. Abin da ya sa nake son haka shi ne mahaifiyarmu da ke zaune tare da mu tana fama da asma, tarinta kuma yakan tsananta idan hazo ya sauka, sannan littattafaina sukan yi fumfuna duk watan Agusta. Ina so in ga lambobi a rubuce, domin in san lokacin da ya kamata a ɗauki mataki.

Na ga cewa DHT11 ce mafi arha, amma wasu suna ambaton DHT22 da BME280, akwai kuma ƙananan na Xiaomi masu allo da batir. Kuɗin da na ware ba su da yawa, wutar lantarki kuma kun san halinta. Wacce za ku ba ni shawarar in saya?

Injiniya, Barnawa:

Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ta farko ita ce ka bar DHT11, duk da arharta, domin ba a yi ta don irin yanayinmu ba. Bisa bayanin masu ƙera ta, ba ta auna danshin da ya gaza kashi 20 cikin 100, kuskurenta a danshi yakan kai kashi 5, a zafi kuma digiri 2. To a tsakiyar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, danshin iska da rana a wannan yanki yakan sauka ƙasa da kashi 20 ɗin nan, wato a daidai watannin da ka fi buƙatar sanin gaskiya saboda Hajiya, a lokacin ne na'urar za ta tsaya a lamba ɗaya ko ta ba ka abin da ba shi da tushe. Waɗanda suke yabonta galibi suna zaune ne a wuraren da iska ba ta bushewa haka.

DHT22, wadda ake kuma kira AM2302, ta fi ta nesa ba kusa ba. Tana auna danshi daga 0 zuwa 100, kuskurenta a zafi kimanin rabin digiri ne, kuma ana iya karanta ta sau ɗaya a cikin daƙiƙa 2, wanda ya wadatar ga aikin gida. Amma idan kana iya ƙara ɗan abu a kan kuɗin, ni SHT31 ta kamfanin Sensirion na ƙasar Suwizalan zan zaɓa maka, saboda kuskurenta a danshi kimanin kashi 2 ne, kuma a aikina na ga ta fi riƙe daidaitonta bayan an daɗe ana amfani da ita.

Game da BME280 ta kamfanin Bosch, fa'idarta ita ce tana ƙara maka awon matsin iska, abin da tashar yanayi ba ta cika sai da shi. Sai dai akwai abu biyu da za ka kiyaye. Tana da 'yar'uwa mai suna BMP280 wadda ba ta auna danshi kwata-kwata, kamanninsu kuma kusan ɗaya ne a ido, har masu sayarwa sukan miƙa maka wannan a madadin waccan, wani lokaci ba da gangan ba. Saboda haka ka gwada ta tun kafin lokacin mayar da kaya ya wuce. Abu na biyu, idan ana karanta ta ba ƙaƙƙautawa, ko aka manna ta kusa da ESP32, wato ƙaramin allon kwamfutar da ke karanta awonta ya aika ta intanet, takan ɗumama, sai ta nuna zafi fiye da na ɗakin. Maganinsa shi ne ka nisanta ta daga allon da 'yar waya, ka sa ta auna sau ɗaya a minti ko a minti biyar, ta yi barci a tsakani. Kada kuma ka firgita idan ka ga matsin iska a wajen hPa 940 (hPa shi ne ma'aunin matsin iska) maimakon 1013 da ke cikin littattafai, domin Kaduna tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 600 daga bakin teku.

Mai kemis, Kawo:

Malam, bayanin Injiniya daidai ne, amma ina ganin ya kamata a duba batun wuta da kyau. Allon ESP32 da ke haɗe da intanet yana buƙatar wuta a kodayaushe, kuma duk daren da aka ɗauke ta, in ba ka da inbata ko sola, za ka wayi gari da giɓi a rubutunka. Ni a shagona ina lura da zafin ɗakin ajiya saboda magunguna da yawa an rubuta a jikinsu a ajiye su ƙasa da digiri 30, kuma ƙananan na Xiaomi nake amfani da su. Batir ɗin CR2032 guda ɗaya, irin na agogo, yana riƙe kowacce watanni da dama, lambobin suna bayyana a allonta, tana kuma aika su waya ta Bluetooth. Hajiya da kanta za ta iya ɗaga kai ta ga lambar ba tare da jiran kowa ba, wannan kuwa ba ƙaramar fa'ida ba ce a gidan da ke da marar lafiya.

Ko wacce ka saya, kada ka yarda da ita sai ka yi mata gwajin gishiri. Ka zuba gishirin girki a murfin kwalba, ka ɗiga masa ruwa kaɗan har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, kada ya narke. Ka sa shi tare da na'urorin duka uku a cikin roba mai murfin da iska ba ta shiga, ka ajiye a inda zafi ba ya hawa da sauka, ka bar su kwana guda. Danshin da ke cikin robar zai tsaya a kashi 75, don haka wadda ta nuna 71 ka san kullum za ka ƙara mata 4, ka rubuta hakan a bayanta. Tunda kana da ɗakin gwaje-gwaje a makaranta, ka nemi sinadarin magnesium chloride, wani nau'in gishiri, ka maimaita gwajin da shi, shi yana ba da kimanin kashi 33, wanda ya fi kusa da abin da za ka gani da hunturu.

Dattijo, Tudun Wada:

Na yi aikin awon yanayi shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma ina farin ciki da ganin malamin makaranta yana wannan tunani. Ɗana, abin da zan ƙara shi ne inda za ka ajiye na'urar ya fi sunan kamfaninta tasiri a kan lambobin da za ka samu. Danshin da waɗannan na'urori ke nunawa gwargwado ne na abin da iska za ta iya ɗauka a wannan zafin. Iska mai digiri 30 tana iya riƙe kimanin giram 30 na tururin ruwa a kowace mita kubik, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, alhali mai digiri 20 ba ta wuce giram 17 ba. Shi ya sa kuskuren digiri ɗaya a zafi, a lokacin damina, yake iya karkatar da lambar danshi da kashi 4 ko fiye.

Saboda haka ka rataye ta a bangon cikin gida wanda rana ba ta dukan bayansa, a tsayin kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, nesa da taga da ƙofar kicin da talabijin, kuma ba a saitin fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ba. Kada ka kai ta kusa da silin, musamman a gidan da aka rufa da kwano, domin a watan Maris da Afrilu zafin da ke taruwa a can sama ba shi ne wanda mutum ke zaune a ciki ba. Idan lambobinka suka saɓa wa na NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ba lallai ne na'urarka ta yi kuskure ba, su a fili suke awo, a cikin akwati mai ramukan iska, kai kuma a ɗaki. Ga littattafanka, abin dubawa shi ne yawan kwanakin da danshi ya zauna sama da kashi 70 a jere, domin a nan fumfuna ke samun wurin zama, kuma ka sa na'urar a cikin kabad ɗin kansa, ba a tsakar ɗaki ba.

Malamin kimiyya, Unguwar Rimi:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri. Na yanke shawarar sayen na Xiaomi guda biyu, ɗaya a ɗakin Hajiya ɗaya a kabad, sannan in haɗa BME280 da ESP32 a falo domin ɗalibaina su ga yadda ake yi. Saura tambaya ɗaya, Baba: ƙurar hunturu ba za ta lalata su ba?

Dattijo, Tudun Wada:

Ƙura tana iya toshe ƙofar da iska ke shiga, sai na'urar ta riƙa jinkirin nuna canji. Ka sa ta falon a cikin ƙaramin akwati mai ramuka a gefe da ƙasa, samansa a rufe, ka riƙa kakkaɓe shi da busasshen buroshi mai laushi. Kada ka wanke ta da ruwa ko ka fesa mata wani abu, ka kuma nisanta ta daga hayaƙin turaren wuta da maganin sauro, domin tururinsu yana shiga sashen da ke jin danshi ya gurɓata awonsa. Ka maimaita gwajin gishirin a ƙarshen Fabrairu idan hazo ya janye, da kuma a Oktoba bayan ruwa ya ɗauke, ka rubuta sabon gyaran kowacce tare da kwanan wata a littafin da kake ajiye lambobin.