Jarrabawa daga gida: me za a sa don toshe satar amsa?

Malama, Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata makarantar koyon kwamfuta a Asawase, cikin Kumasi, za ta yi wa ɗalibai 60 jarrabawa daga gida ta Moodle, dandalin karatu da jarrabawa na intanet. Wace manhaja ce za ta tsare su ba tare da ta cinye kuɗi ba?

Alhaji, Sawaba: Wa alaikumus salam Malama. Ki fara da Safe Exam Browser, kyauta ce, kuma tun Moodle 3.9 tana cikin saitin jarrabawa, kunna ta kawai za ki yi. Tana kulle kwamfutar, ba buɗe wani shafi, ba shiga wata manhaja. Ki sa kalmar sirri ta fita. Sai dai tana aiki ne a Windows, Mac da iPad ko iPhone, babu ta Android. Ki fara ƙirga masu laftof tukuna.

Hajiya, Asokore Mampong: Alhaji, an kulle kwamfuta, wayar da ke kan cinya fa? Ta nan ɓarnar take shigowa. Malama, ki mayar da wayar ɗalibin kyamara ta biyu. Ya shiga Zoom ko Google Meet da ita, ya jingina ta a gefe, kamar mita ɗaya da rabi, yadda za a ga hannayensa, allon da ƙofar ɗaki. Ta zauna a caji, a kuma rufe shigowar kira, don kira na tsinke bidiyon. Kafin a fara ya nuna Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, ya zagaya da kyamarar ɗakin har ƙarƙashin tebur. Mai sa ido ɗaya kada ya wuce ɗalibai 15, idan sun fi haka kallo kawai yake yi.

Malama, Aboabo: To, su Proctorio da Respondus Monitor fa, Hajiya, manhajojin nan da ke sa ido kan ɗalibi ta kyamara?

Hajiya, Asokore Mampong: Na kuɗi ne, kuma ba sa kama ɓarawo, alama kawai suke sawa. Idan taga tana bayan ɗalibi, musamman mai duhun fata, sai manhajar ta ce ba ta ga fuska ba. A gidan haya na zango kuwa, yaro ya leƙo, maƙwabciya ta yi sallama, duk za ta rubuta su zargi. Don Allah kada a kayar da ɗan mutane kan wannan. Malami ya kalli daidai mintin da aka yi wa alama, ya kira ɗalibin ya ji ta bakinsa. Fitila ta kasance gaban fuska.

Malam, Tafo: Ku tuna da dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki. Agogon Moodle ba ya tsayawa don wuta ta ɗauke ko intanet ya yanke, amma malami na iya ƙara wa mutum ɗaya lokaci daga saitin. A rubuta ƙa'idar tun farko: wanda ya yanke ya sanar cikin minti 10. Mai hali ya tanadi layi biyu, MTN da Telecel. A yi gwajin minti 10 kwana biyu kafin ranar.

Ni dai a ganina tsarin tambayoyin ya fi kyamara aiki. Ki zuba 120 a rumbun tambayoyi na Moodle, kowa ya samu 30 a cakuɗe, minti 40. A lissafi, Moodle na iya sauya wa kowa lambobi. Ki ɓoye amsoshi da maki sai an rufe jarrabawar, in ba haka ba wanda ya gama da wuri shi ne mai raba apo, wato amsoshin sata, a WhatsApp. Wanda makinsa ya yi tsallen ban mamaki, a yi masa tambayar baki ta minti biyar.

Alhaji, Sawaba: Saura amana. Cikin ɗakin mutane za ku leƙa, da matan aure a ciki. Dokar kare bayanai ta Ghana, Act 843 ta 2012, ta shafi wannan bidiyon. A karɓi amincewa a rubuce, a faɗi wa zai kalla da ranar da za a goge. Mace ta sa ido kan mata. Wanda ba shi da laftof ko ɗaki mai shiru, a ware masa kujera a makarantar.

Malama, Aboabo: Allah ya saka da alheri. Bari in fara da ƙirgar laftof ɗin.