Lambar kiran rediyo ta marigayi Baffana a Amurka: zan iya karɓa daga Kumasi?

Sani_Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sha'awar rediyo. Ƙanen mahaifina ya rasu a Bronx ta birnin New York wata bakwai da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Direban tasi ne da rana, da dare kuma yana zaune gaban na'urarsa ta magana ta rediyo ƙirar Yaesu yana gaisawa da mutanen duniya. Duk zuwan da ya yi Kumasi sai ya sa ni hawa rufin gidanmu na Aboabo mu ɗaura waya daga sandar gora zuwa bishiyar mangwaron maƙwabta, a nan na kamu da abin. Yanzu matarsa ta aiko mini da na'urar da kwali guda na katunan shaidar magana da yake tarawa, wasu daga Jafan, wasu daga Barazil, duk da lambarsa a jiki.

Lambar nake so, wato lambar kiran da ake gane shi da ita a iska. Gajeriya ce, K2 da haruffa biyu. 'Ya'yansa mata ne biyu, babu mai sha'awa a cikinsu. Ni ɗan wansa ne, ban taɓa taka Amurka ba. Akwai hanya, ko in haƙura?

Alhaji_Nima:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta masa, ya ba ku haƙuri. Ɗana, fara raba abu biyu. Na'ura da eriya dukiya ce, tana cikin gado, sai ka tabbata magada sun yarda da kyautar da uwarsu ta yi maka. Lamba kuwa ba dukiyar mamaci ba ce, aro hukuma ta ba shi, kuma da ya rasu ta koma hannunta. Harafin farko ma na ƙasa ne, ƙungiyar sadarwa ta duniya ITU ce ta raba: Gana 9G, Najeriya 5N, Nijar 5U, Togo 5V. K na Amurka ne. Saboda haka kada ka kuskura ka kunna na'urar nan a Aboabo ka kira da lambar Baffanka. A ƙasar nan sai da lasisin NCA, hukumar sadarwa ta Gana, wadda babban ofishinta ke Airport City a nan Akra, kuma tana da reshe a Kumasi.

Hajara_Bronx:
Malam Sani, ina yi maka ta'aziyya. Ina da lasisin Amurka, bari in faɗa maka yadda dokar FCC, hukumar sadarwa ta Amurka, take. Idan mai lamba ya rasu, ana ajiye lambar shekara 2 daga ranar rasuwar, ko daga ƙarewar lasisin idan shi ya riga zuwa. An yarje wa dangi na kusa su nema kafin wa'adin ya cika: miji ko mata, 'ya'ya, jikoki, iyaye, kakanni, 'yan uwa, baffa da kawu da goggo da inna, surukai, har agola. Ɗan wa da ɗan ƙane suna ciki, kai ke nan. Amma ɗan baffa ko ɗan kawu ba ya cikin jerin, abin da a wurinmu Hausawa ba ya ma shiga kai, to haka suka rubuta.

Ga inda gizo ke saƙar. Dangantaka kaɗai ba ta isa ba, sai kana da lasisin da ya kai matsayin lambar. Matakai uku ne: Technician, General, sai Amateur Extra. Lamba mai harafi ɗaya, lamba ɗaya, haruffa biyu irin ta Baffanka ta 'yan Extra ce zalla. Jarrabawa uku ke gabanka: biyun farko tambaya 35 kowacce, a ci 26, ta ƙarshe tambaya 50, a ci 37. An daina gwajin Morse, wato aika saƙo da ɗigo da ja, tun 2007, wannan nauyi ya sauka. Ba sai kai ɗan ƙasa ba ne, amma dole ka ba da adireshin wasiƙa a cikin Amurka da imel, kuma akwai masu gudanar da jarrabawar ta intanet, suna kallonka ta kyamara. Kuɗin neman lamba dala 35 ne tun Afrilun 2022.

Abu na farko, sai an soke lasisin marigayin a rajistar FCC, domin lasisin shekara 10 ne, idan ba a sanar ba yana nan zaune kamar mai shi na raye. Ana aika wasiƙa mai sa hannu tare da takardar shaidar mutuwa ko sanarwar rasuwa ta jarida. Shawarata, kada iyali su yi gaggawar sanarwa alhali kai ko littafin farko ba ka buɗe ba. Amma ka sani agogon shekara biyun daga ranar rasuwa yake ƙirga, kuma gajerun lambobi na yankin 2, inda New York take, mutane a tsaye suke suna jiransu, ranar da ta fito za ka ga masu nema rututu.

Alhaji_Nima:
Hajiya Hajara, kin yi bayani, Allah ya saka. Sai dai ina tambaya: ya sha wahalar jarrabawa uku, ya samu lambar, sannan ya yi me da ita a Kumasi? Ya rataye a bango? Ni da zai ji tawa, ya nemi 9G tasa, ya roƙi a ba shi haruffan ƙarshe irin na Baffan idan babu mai su. Gana ba ta da masu rediyo da yawa, Turawa har layi suke yi don su ji 9G a iska.

Sani_Aboabo:
Na gode Baba Alhaji, na gode Hajiya. Zan je ofishin NCA na nan Kumasi ranar Litinin in fara ta gida tukuna. Amma ta Baffa ma ba zan sake ta ba, saura wata goma sha bakwai ai. Hajiya, adireshin matarsa a Bronx zai yi? Kuma wane littafi kika karanta na matakin farko?