Muhawara: Sai an zauna da 'yan kasuwa kafin a gina musu manhaja?

Laouali: Salamu alaikum 'yan uwa. Manhajar rubuta bashi da muke gina wa 'yan Kasuwar Dole a nan Damagaram ta kusa kammaluwa, sai ga wasu cikinmu suna cewa a dakata, a bi rumfa-rumfa ana tambayar mutane. Ni ban yarda ba. Wanda bai taɓa amfani da manhaja ba, ba zai iya gaya maka irin wadda yake so ba. Mu gina mai kyau, su kuma su koya. Wa ya zo Damagaram ya tambaye mu kafin a fito da WhatsApp? Ga shi yau har kakanninmu suna amfani da shi.

Hadiza: Wa alaikumus salam. Yaya Laouali, kakanninmu murya suke turawa, ba rubutu ba. Abin da ya dace da su suka ɗauka, sauran suka bari. Manhajarmu kuwa daga farko har ƙarshe rubutu ce, da Faransanci kuma.

Laouali: Fassara ba wuya. Mako guda ya isa a mai da ita Hausa.

Hadiza: Ba fassarar ce ta dame ni ba. Na nuna wa innata, Hajiya Rabi, mai sayar da hatsi. Ga abin da ta ce a saƙon murya, na rubuta muku yadda ta faɗa.

Hajiya Rabi: 'Ya'yana, sannunku da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Abu biyu zan faɗa. Na farko, ni da dala nake lissafi. In na ce Malam wane ya ɗauki gero na ɗari da hamsin, ku a wajenku sefa 750 ne, tunda dala ɗaya sefa biyar ce. Yarinyar nan ta ce in danna ɗari da hamsin, na danna, sai abin ya rubuta kuɗin da bai kai tiya ba. In har sai na ninka sau biyar a kaina kafin in danna, ga masu saye a tsaye, gara littafina. Na biyu shi ya fi tsaya mini a rai. An ce in kwanan biya ya yi, abin da kansa zai aika wa mai bashi saƙo. A'a. Cikin masu bashina akwai limamin unguwarmu, akwai mijin ƙanwata. Akwai wanda wayar gidansu ɗaya ce, ɗansa ke karanta masa saƙo. Yaro ya karanta cewa ana bin ubansa kuɗin hatsi? Na tona masa asiri ke nan, kuma na rasa shi har abada. Ni na san wanda ake tuna wa, na san wanda ake jira sai kaka.

Laouali: Hajiya, Allah ya ƙara girma, na ji maganar dala kuma za a gyara. Amma saƙon tuni shi ne ƙashin bayan aikin. Kunyar tambaya ce ke karya jarin ƙananan 'yan kasuwa. In na'ura ta yi tambayar, an sauke musu nauyi.

Maman Sani: Ni ina bayan Laouali a wani ɓangare. Mutanenmu suna da kara. Ka je rumfar dattijo da wayarka ka ce, Baba, wannan zai yi maka amfani? Zai ce madalla, Allah ya taimaka, ko da ba zai taɓa buɗe ta ba. Ka tara irin wannan amsa hamsin, ka dawo kana murna a banza. Kuma kada a raina koyon mutane. A shirin yaƙi da jahilci na ABC da aka yi a jihohin Dosso da Zinder wajen 2009 da 2010, manya da aka haɗa musu karatu da koyon salula sun fi sauran ci gaba a rubutu da lissafi.

Malam Issa: Maman Sani, gaskiya ne, amma ka tuna ƙananan wayoyi ne masu maɓalli, kuma da malami a gabansu watanni. Wa zai zauna da Hajiya watanni a tsakiyar ciniki? Maganarka ta kara kuwa, ita ce ma hujjata. Tunda tambaya ba ta fito da gaskiya, sai a zauna a kalla. Ku dubi M-Pesa ta Kenya, hanyar biyan kuɗi ta waya. Da aka fara gwajinta a 2005, an shirya ta ne don masu ƙananan rance su riƙa biyan bashinsu ta waya. Masu aikin suka lura mutane suna tura wa junansu kuɗi da ita, abin da ba a tsara ba. Da kamfanin waya na Safaricom ya fito da ita a 2007, sai aka tallata ta a matsayin hanyar aika kuɗi gida. Da sun nace wa tsarinsu na farko, da ba mu san sunanta ba.

Laouali: To ai Malam, ka ƙarfafa ni. Sun gina tukuna, sannan suka gani. Ba su tsaya tambaya ba.

Malam Issa: Sun gina ƙarami, suka ba mutane kaɗan, suka sa ido. Kai kana son ka sake ta ga kasuwa gaba ɗaya da saƙon da zai iya ɓata zumuncin shekara ashirin. Kuskuren lissafi ana gyara shi da dare ɗaya. Mutuncin da ya zube a unguwa, wace sabuntawa ce za ta dawo da shi? Kuma a Damagaram labari ba ya kwana. Mutum uku su ji kunya, an gama da manhajar daga Birni har Zango.

Hadiza: Akwai kuma abin da na gani da idona, wanda ba wanda zai faɗa maka in ka tambaya. Inna ba ta rubuta bashi lokacin da aka ɗauka. Tana riƙe shi a ka, sai bayan la'asar yaron rumfa ya rubuta duka a littafi. Ashe mai danna wayar ma ba ita ba ce, yaron ne, kuma akwai bashin da ba ta son ya sani. Mu kuwa lambar sirri ɗaya muka yi, mai buɗe komai.

Maman Sani: Wannan babba ce. Ke nan ana bukatar shiga biyu, ta mai rumfa da ta yaro.

Laouali: Wannan na karɓa. Amma saƙon tuni ba zan cire ba. Sai dai a bar shi a kashe, mai rumfa ya kunna wa wanda ya ga dama, ya kuma ji abin da za a aika kafin ya tafi.

Hajiya Rabi: In ni zan zaɓa, kuma da muryata zai je, da gaisuwa a gaba, to wannan ana iya dubawa. Ku zo ranar Alhamis da kasuwa ke cika, ku zauna daga hantsi. Kada ku tambaye ni komai sai na tashi.

Laouali: In sha Allahu za mu zo ni da Hadiza, Hajiya. Maman Sani, kai ka nemo mana rumfa biyu a layin masu atamfa, don bashinsu ba irin na hatsi ba ne.