Kilo nawa na amoniya ake buƙata a samu tan ɗaya na asid ɗin naitirik?

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa masu karatun kimiyyar sinadarai. Ɗalibi ne ni a Gombe, jarrabawa ta matso, wani lissafi kuma ya tsaya mini a wuya.

Kan hanyar Ostwald ne, wato hanyar da masana'antu ke bi su mayar da amoniya asid ɗin naitirik. Matakin farko ba matsala: a haɗa amoniya da iska, su bi ta ragar filatinam da rodiyam a zafin da ya haura digiri 800, a samu iskar naitirik oksaid (NO) da tururin ruwa. A sanyaya, NO ya haɗu da iskar oksijin ya koma naiturojin dayoksaid (NO2).

A mataki na uku na maƙale: 3NO2 + H2O → 2HNO3 + NO, wato NO2 ya haɗu da ruwa a samu asid ɗin (HNO3) da ragowar NO. Idan na bi wannan yadda yake, mol 3 na amoniya ke ba da mol 2 na asid (mol shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari), sai amsata ta kai kilo 405 a kowane tan. Abokina kuma ya ce ai a masana'anta ba a zubar da wannan NO ɗin, sake ƙara masa iska ake yi har ya zama asid, don haka mol ɗaya ne ga ɗaya, wato kusan kilo 270. Hujjarsa ta fi kama hankalina, amma tambayar ba ta ce uffan kan sake amfani da NO ba.

Wanne ake ɗauka a irin wannan hali? Sannan tan ɗin, na zallar asid ake nufi ko na mai ruwa, tunda tacewa ta yau da kullum ba ta wuce kashi 68 cikin 100? Don Allah a taimaka mini da warwara dalla-dalla.