Sarki da waziri a tukunyar magani: yaya Sinawa suke tsara haɗinsu?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Na karanta cewa a likitancin gargajiya na ƙasar Sin kowane haɗin magani yana da sarki da waziri da mataimaki da manzo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan akwai tsiro ɗaya da yake maganin cutar, mene ne amfanin sauran? Kuma shin sarautar ta wani tsiro ce har abada, ko tana sauyawa daga haɗi zuwa haɗi? Ina roƙon masana su yi mini bayani.

Ɗalibin Tsirrai:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tushen wannan tsari yana cikin tsohon littafin Huangdi Neijing, inda aka ce abin da ya tunkari cutar shi ne sarki, wanda ya dafa masa shi ne waziri, mai amsa wa waziri kuma shi ne manzo. Littafin ya ƙayyade har girman haɗi: ƙarami yana da sarki ɗaya da waziri biyu, babba kuwa sarki ɗaya da waziri uku da mataimaka tara.

Amma ba za ka ga hikimar ba sai ka dubi haɗi guda. Likita Zhang Zhongjing, wanda ya rubuta littafin Shanghan Lun wajajen shekara ta 200 miladiyya, ya tanadi haɗin Mahuang Tang domin wanda sanyi ya kama, yana zazzaɓi da jin ɗari da ciwon gaɓoɓi, numfashi yana yi masa wuya, kuma gumi ya ƙi fitowa. Tsiron mahuang ne sarki, saboda shi ne yake fitar da gumin. Reshen kirfa ne waziri, yana ɗumama jiki domin gumin ya samu hanya. Xingren, wato ƙwayar cikin ƙwallon wani ɗan itace, ita ce mataimakiya, kuma aikinta ya karkata ga tari da sarƙewar numfashi, waɗanda sarkin bai isar musu shi kaɗai ba. Na huɗu, wato manzo, shi ne gancao, wata saiwa mai zaƙi, wadda take sassauta kaifin mahuang don kada majinyaci ya yi gumin da zai galabaitar da shi. Marubucin ya kai ga cewa a fara dafa mahuang shi kaɗai, a kwashe kumfar da ta taso, sannan a zuba sauran. Saboda haka a ganinsu tsiro ɗaya yana iya korar cuta, amma yana iya barin ɓarna a bayansa, ko ya bar wasu alamun bai taɓa su ba.

Uwargida Mai Nazari:
Malam ya amsa kashi na farko, ni kuma zan tsaya a kan na biyu, domin a nan ne nake ganin zurfin al'amarin. Sarautar ba ta dindindin ba ce. Kirfar da take waziri a Mahuang Tang ita ce sarki a Guizhi Tang, inda aka haɗa ta da saiwar shaoyao da ɗanyar citta da gancao da 'ya'yan dazao goma sha biyu, waɗanda dangin magarya ne. Wannan haɗin na wanda sanyi ya kama ne amma yana gumi, kuma an umarce shi ya bi shi da kunun shinkafa mai zafi ya lulluɓa.

Abin da ya fi haka shi ne awo kaɗai yana iya sauke sarki. Xiao Chengqi Tang da Houpo Sanwu Tang tsirrai uku iri ɗaya suka ƙunsa, wato saiwar dahuang da ɓawon itacen houpo da zhishi, ɗanyen ɗan wani lemo. A na farko dahuang yana da awon liang 4 (liang ma'aunin nauyi ne na Sinawa), houpo yana da 2, don haka dahuang ne sarki, kuma manufar ita ce kwance ciki da ya ɗaure. A na biyu an bar dahuang a 4, aka ɗaga houpo zuwa 8, sai haɗin ya koma na kumburin ciki da ciwonsa, har sunansa ya canza.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Na gamsu da bayanan biyu, sai dai ina da gyara guda. Zhang Zhongjing bai rubuta wa tsirransa waɗannan muƙamai ba. Masu sharhi na baya ne suka yi, musamman Cheng Wuji a ƙarni na 12, kuma shi ya sa malaman fannin sukan saɓa a kan wane ne waziri, wane ne mataimaki a wasu haɗe-haɗen.

Abin da na fi daraja a tsarin shi ne amincewarsu cewa magani yana da guba. Sukan haɗa banxia, wani tsiro mai dafi, da citta domin ta kashe dafinsa, kuma sun hana haɗa gancao da saiwar gansui. Ina roƙon ɗan'uwa da kada ya gwada ko ɗaya daga cikin waɗannan da kansa. Mahuang yana ɗauke da sinadarin efedirin mai hawar da jini da saurin bugun zuciya, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta haramta sayar da shi a cikin kayan ƙarin lafiya a 2004, kuma gancao ɗin da aka sa ya sassauta shi, shi ma yana hawar da jini idan aka daɗe ana shan sa.